Shekarar da Muka Ƙarar da Tsage

Ku samarin nan kuna ba ni dariya, wallahi. Jiya ina zaune a nan ƙofar gida ina ɗinkin raga, na ji ɗayanku yana cewa wai duk cikin sana'o'i babu ta 'yan hutu kamar kamun kifi. Wai ba ka yi shuka ba, ba ka yi noma ba, ba ka ba dabba dusa ba, kawai ka je dam ka watsa raga ka kwaso abin da Allah ya ajiye. Kai ne, mai jar hula, kada ka sunkuyar da kai, na gane muryarka. Har ka ce in aiki ya ƙi samuwa bana jirgi za ka nema. To madalla. Gyara zama tukuna, ka ji yadda mu da muka san ruwan nan muka kusa kashe shi da hannunmu, kuma ni Iliya ni ne na ja gaba.

Ranar da na fara zuwa wurin Baba Tanko ina da shekara ashirin, na gudo daga keken ɗinkin mahaifina don zama wuri ɗaya ba ya yi mini. Baba Tanko mutumin wajen Yawuri ne, a cikin ruwa ya tashi, ya zo Zariya tun dam ɗin yana sabo, ya kama ɗaki a bayan layinmu nan Tudun Wada. Na isa bakin ruwa da sassafe ina ta hangen jirage, ina tsammanin za a miƙo mini filafili in tuƙa. Sai ya miƙo mini wata 'yar wuƙa da ta sha washi har ta koma siririya, ya nuna mini kwandon kifi.

Ya ce, "Zauna nan. Kowanne ka farke cikinsa, ka gaya mini abin da ya ci."

Na ce, "Baba, ni fa kamu na zo koya, ba gyara ba."

Ya ce, "Na ji. Zauna."

Damina guda da rani guda ina zaune a kan dutse ina farke ciki, ƙuda na bi na har gida. Da farko duk ƙazanta ɗaya nake gani. Sannu a hankali ido ya buɗe. Karfasa hanjinta dogo ne, a naɗe kamar zare, cike da koren abu kamar miyar kuka, wato gansakuka da ƙananan abubuwan da ke sa ruwa ya yi kore. Kawara, 'yar farar nan mai sheƙi da ke yawo a sama-sama, cikinta ƙwari ne da 'ya'yan ciyawa. Kurungu mai ƙaya yana bin ƙasa, za ka tarar da laka da ɓawon katantanwa. Tarwaɗa kuwa ba ta da zaɓi, kwaɗo, tana, mushe, har ƙwayar masara na taɓa cirowa. Sai tsage. Shi cikinsa gajere ne, kuma ba ka samun komai a ciki sai kifi, yawanci kawara da 'ya'yan karfasa, wani ma a haɗiye ɗungurungum ko ɓarewa bai yi ba. Haƙoransa a waje suke ko ya rufe baki, mummuna ne ƙwarai.

Baba Tanko tambaya uku yake yi kullum: me ya ci, a ina ya ci shi, kuma yaushe. Wata safiya bayan ruwan farko na farke tarwaɗa uku a jere, na tarar da fukafukan gina cunkus a cikinsu. Na faɗa masa. Ya ce, "To, me ka gane?" Na sosa ƙeya na ce ai gina ba ta nutsewa, ke nan tarwaɗar ta bar ƙasa ta hau sama tana kiwo, kuma kusa da gaɓar da ke da suri. Bai ce na yi daidai ba, bai taɓa faɗin haka ba a rayuwarsa. Ya dai ce da yamma mu ɗaure mamari a gaɓar gabas, kada ƙugiyoyin su wuce kamu ɗaya a cikin ruwa. Washegari sai da muka yi sawu biyu kafin mu kwashe abin da ya kama. A ranar ne ya ba ni filafili.

Kayan aiki kuma kowanne da halinsa. Mamarin da na ambata doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi rututu, in ba ka iya naɗe ta ba za ka wuni kana warwara, ƙugiya na shiga yatsa. Birgi shi ne ragar da ake jefawa ta buɗe kamar lema. Ranar da na fara jefa shi daga cikin jirgi na manta igiyar tana ɗaure a wuyan hannuna, raga ta tafi na bi ta, tsundum. Mutanen bakin ruwa sun yi mako suna kirana ɗan agwagwa. Sai kalli, ragar da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa a bar ta, dalma a ƙasa, a sama kuma gutsattsarin tsofaffin silifas don ta yi iyo. Da yatsu muke auna idonta. Baba Tanko bai taɓa yarda a sa ƙasa da yatsa huɗu ba. Ƙaramin kifi ya wuce ta ciki ya je ya girma, babba ya maƙale. Kallin nan shi ne abin alfaharina, har yau in na ɗinka ido ba za ka gane inda na gyara ba.

Masu saye su ma sai ka karance su. Malaman jami'a na Kongo ranar Asabar suke zuwa da motocinsu, suna son manya, a kankare musu, a zuba a leda biyu kada kujera ta yi ƙarni. Matan Hanwa sai sun ɗaga kunnen kifi sun ga ja ne kafin su yi magana. Akwai mai farfesu a Kwangila, shi tarwaɗa yake so tana motsi, in ta mutu ko kyauta ba ya karɓa. Amma wadda ta riƙe bakin ruwan nan ita ce Hajiya Ladi, mai suyar kifi a bakin kasuwar Tudun Wada. Rabin abin da muka kamo ita ke kwashewa kowace rana. Ba ta da sikeli. Takan ɗora karfasa a tafin hannunta, in wutsiya ba ta wuce wuyan hannu ba sai ta ture ta gefe da ɗan yatsa, ko kallonka ba za ta yi ba. Bakinta akwai kaifi, amma ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Haka muka yi shekaru cikin rufin asiri. Na yi jirgina, na yi iyali, Baba Tanko ya tsufa gwiwoyi suka hana shi shiga ruwa, sai dai ya zo ya zauna a gindin mangwaron bakin ruwa. Ni kuwa kai ya fara girma. Na daina farke ciki, ina ganin na riga na san komai, wuƙar ma ban san inda na jefar da ita ba.

To, akwai wani sabon kalli da na saya, sai da na sayar da ragon da na yi wata bakwai ina kiwo. Na kwana uku ina ɗaura masa dalma. Daren farko da na shimfiɗa shi ya yi kamu, kawara da karfasa sun maƙale, sai garken tsage ya biyo su. Da safe na jawo, innalillahi! Ramuka uku, kowanne mutum zai wuce ta ciki, kifin da ya rage kuma duk rabi-rabi, kai a raga gangar jiki babu. Na zauna a cikin jirgi cike da haushi. Ɗanjuma, abokina da muka fara koyon aiki shekara ɗaya, ya matso da nasa jirgin ya duba ya ce, "Ni wannan watan sau biyu ke nan. Wai mu muke wahala, ɗan banzan kifin nan yana cin gumi. Ya ci kifinmu, ya ci ragarmu."

Ranar Juma'a bayan an sauko muka tara masunta a gindin mangwaro, mun kai mutum talatin, har da sarkin ruwa. Ni na yi magana, kuma na iya magana. Na ce kowace karfasa da tsage ya haɗiye tamu ce ya sace. Na ce mun san lagonsa, don kowace shekara in ruwa ya sauka yakan taru ya haura bakin rafin da ke shigowa dam ya yi ƙwai. Mu datse bakin rafin da taru, babbar ragar nan da ake ja da mutane, mu kwashe shi gaba ɗaya mu huta. Kowa ya ce haka ne.

Baba Tanko ya ɗaga sandarsa ya ce, "Iliya, kai da ka shekara kana farke cikinsa, wace irin karfasa ka gani a ciki? Babba ko ƙarama?"

Na ce, "Baba, ƙaramar ai ita ce babbar gobe."

Ya ce, "Ba duka ba."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan maganar ta masu shiga ruwa ce."

Ka ji rashin kunya. Mutumin da ya ba ni filafili na faɗa wa haka a gaban jama'a. Ya dogara sandarsa ya tashi ya tafi, kuma bai sake zuwa gindin mangwaron ba.

Damina uku muna datse bakin rafin. Ta farko mun kwashi tsage har mun rasa mai saye, don ƙaya gare shi, mutane ba su cika so ba, sai banda muka yi ta yi. Ta biyu kaɗan muka samu. Ta uku muka ja taru tun safe har azahar, guda biyu suka fito, muka yi ta ihu kamar mun ci yaƙi. Raga ta zauna lafiya, sai ka yi wata uku ba ka ɗauki allura ba. Ga kuma 'ya'yan karfasa, subhanallahi, in ka tsaya a gaɓa ruwan har tafasa yake don yawansu. Ɗanjuma yakan nuna su da filafili ya ce, "Iliya, baɗi in waɗannan suka girma, ni da kai sai Makka."

Baɗi ta zo, suna nan yadda suke, yatsa uku. Muka ce ai sababbin haihuwa ne, manyan suna can tsakiya. Muka je tsakiya, babu. Manyan da suka rage mun riga mun kame su, kuma babu masu maye gurbinsu. Sai ka shimfiɗa kalli mai yatsa huɗu ka jawo shi wayam, alhali kana ganin kifi yana ratsa shi kamar ba raga a wurin. Mutane suka koma yatsa uku, suka koma biyu, wani ma gidan sauron matarsa ya ɗauko. Abin da ake kamowa kai ne da ƙaya, in ka soya sai ya ƙanƙance kamar ɓawon gyaɗa. Wannan ita ce muguwar shekarar, kuma dam cike yake da kifi a cikinta, abin da ya fi ba mu mamaki ke nan.

Malaman Kongo suka fara ɗaukewa, sai matan Hanwa. Hajiya Ladi ta daure wata biyu. Wata safiya na kai mata kwando, ta sa hannu ta ɗebo, guda huɗu suka zauna a tafinta har da sauran wuri.

Ta ce, "Malam Iliya, wannan fa? Kifi ne ko fara?"

Na ce, "Hajiya, a ƙara haƙuri, yara ne, za su girma."

Ta ce, "Tun bara suke yara? Ni jikana da aka haifa bara har ya fara gudu. Ka ga, mai yana tsada, ba zan ƙona shi a kan ƙaya ba. Daga gobe na koma kifin ƙanƙara. Ran da kuka sami kifi, kun san inda nake."

Da ta juya baya, bakin ruwa ya mutu. Mutum talatin muka koma goma sha, muka koma takwas. Wasu suka tafi leburanci, wasu acaɓa. Jirage a kife a gaɓa rana tana tsaga su.

Wata safiya ina zaune a cikin jirgi ba abin yi, na ɗauki ɗaya daga cikin 'yan ƙananan ina jujjuyawa. Na ɗan matsa kumatunta, sai ga ƙwai sun zubo mini a hannu, rawaya-rawaya kamar gero. Kun san karfasa a baki take goyon ƙwanta har ya ƙyanƙyashe. Amma uwar da na sani mai cika tafin hannu ce, ba wannan da ba ta kai tsawon ɗan yatsana na tsakiya da rabi ba. Na ɗauki wata, ita ma haka. Na ari wuƙa na farke goma, hanjin duk a bushe, babu kitse ko ɗigo, amma cikin cike da ƙwai. Nan take na miƙe. Na zuba su a kwano da ruwa, na hau keke, ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar ɗakin Baba Tanko.

Shekara uku ke nan rabon da in zauna a gabansa, sai gaisuwar hanya. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye kwanon. Idonsa ya yi rauni a lokacin, don haka da hannu ya lalubo ɗaya, ya sa ɗan yatsa a bakinta, ya murza ƙwan.

Ya ce, "Wannan ba yarinya ba ce, Iliya. Uwa ce. Wataƙila ma kaka."

Na ce, "Baba, me ya hana ta girma?"

Ya ce, "Ka taɓa zuba gero da yawa a rami ɗaya ka ƙi ragewa? Duk zai fito, ba wanda zai yi zangarniya. Abincin da ke cikin ruwan nan yana da iyaka. Da, in karfasa ta haifi ɗari, tsage ya rage su, 'yan da suka tsira su ci su ƙoshi su zama abin da Ladi ke saye. Yanzu ɗarin duk suna nan, kowacce ta haifi wani ɗarin, duk suna wawar kwano ɗaya. Shi kuke ce wa ɓarawo, alhali aiki yake yi muku ba ku biyansa."

Na ce, "Baba, na yi kuskure, kuma na yi maka rashin ladabi. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ni na yafe tun a ranar. Je ka nemi gafarar ruwa, shi ka ɓata."

Kunyar da na ji a ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba. Amma ban tashi ba sai da muka tsara abin yi. Ya ce in akwai sauran tsage, yana ƙasan bangon dam, a cikin kududdufan da kogi ke bari in rani ya yi. Manya ba za su jure ɗauka ba, sai 'ya'ya.

Juma'ar da ta biyo na tara waɗanda suka rage, na tsaya a inda na tsaya wancan karon, na ce ni na kai ku na baro ku. Na zagaya da kwanon kowa ya matsa ya ga ƙwai da idonsa. Na ce abu uku za mu yi. Bakin rafi ya haramta da damina. Duk wanda tsage ya faɗa wa raga, in da rai ya sake shi. Sannan mu ja taru a gaɓa mu rage 'yan ƙananan nan, mu shanya mu kai wa masu haɗa abincin kaji. Ni kuma zan ɗauko tsage daga ƙasan bango in dawo da shi. Sarkin ruwa ya amince, don ba wata dabarar da ta rage.

Ɗanjuma ya miƙe, idonsa ja. Ya ce, "Kai ka ce a kashe, mun kashe. Yau kai ne kuma za ka ce a raya? Mu ne ka mayar 'yan wasa? Shekara nawa za mu jira, yara su ci me?" Gaskiya kuwa ya faɗa. A ranar ya tattara ragarsa, bayan kwana biyu na gan shi a Kwangila a kan babur yana neman fasinja. Na yi masa sallama ya kau da kai.

Ɗaukar farko na yi ta da jarkoki biyu a kan keke. Na jefa birgi a kududdufi na sami 'ya'yan tsage kamar ashirin, masu tsawon yatsa, na zuba su na zagayo ta hanyar mota. Kafin in iso duk sun juya ciki sama. Kifin da ke yaga raga, ashe a hannu ya fi jariri laushi. Na biyu na rage yawa, suka mutu saboda ruwan ya yi zafi. Na uku suka ciji juna. Sai da na yi asarar kusan mako biyu kafin in gane kansa. Dole a fara da an idar da sallar asuba, ruwa na da sanyi. Babban baho, ba jarka ba, don su sami iska. Kada su wuce biyar. A rufe da jiƙaƙƙen buhu don in sun ga haske tsalle suke. Kada ka taɓa su da busasshen hannu. Kuma ba zagaye, sai dai ka ɗora bahon a ka, ka hau gangaren bangon nan kai tsaye, ka gangara ɗaya gefen, ka nutsa bahon a hankali har ruwan ya gauraya su fita da kansu.

Ku yi tunanin magidanci mai shekara arba'in da wani abu, da furfura a gemu, ɗauke da bahon ruwa a ka yana hawa tudu don ya je ya zuba a cikin dam. Masu wanki da masu ban-ruwan lambu suka samu abin dariya. In na wuce sai ka ji, "Sannu Malam Iliya, dam ɗin ya kusa cika?" Har gida aka zo aka tambayi iyalina ko lafiyata ƙalau. Sawu huɗu nake yi kafin rana ta yi zafi, wuyana kamar zai karye, sannan in shiga jan taru da sauran. Rani biyu cur ina wannan. Da damina kuma in dasa jirgina a bakin rafi in zauna gadi, na yi faɗa da mutane har da wanda muke sahu ɗaya a masallaci. Ina faɗa muku da bakina, a duk abin da na yi a sana'ar nan babu wanda nake alfahari da shi kamar hawan tudun nan.

Baba Tanko ya rasu a rani na biyu, Allah ya jiƙansa. Kullum na dawo sai na biya na faɗa masa guda nawa suka shiga da rai, shi kuma ya ce, "To." Bai ga ƙarshen aikin ba.

A damina ta uku, wata safiya na ga ruwa ya fashe a tsakiya, kawara suna tsalle sama suna watsewa kamar an jefa dutse. Mai korar su yana ƙasa, tsage ya dawo. Na ajiye filafili na yi ta kallo. Daga nan tafasar gaɓa ta fara raguwa. Da kaka na ɗauko tsohon kallina mai yatsa huɗu da ya daɗe a rataye, na shimfiɗa ba tare da na gaya wa kowa ba. Da safe na ji nauyi. Karfasa bakwai, masu faɗi, masu kitse a ciki. Ban tsaya a bakin ruwa ba, na wuce kasuwa kai tsaye na ajiye a gaban Hajiya Ladi. Ta duba, ta juya ɗaya, ta ce, "A ina ka sato?" Na ce a inda na saba. Ta ce, "To gobe ka zo da wuri, kada ka sa in jira."

Labari ya bazu, mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, ana toshe jirage da tsumma da kwalta. Ɗanjuma ne kawai shiru. Sai wata asuba na fito daga masallaci na tarar da shi tsaye a nan, daidai inda kuke zaune, da filafili a kafaɗa. Bai gaishe ni ba.

Ya ce, "Jirgina yana ƙarƙashin ruwa wajen ciyawar gabas. Duwatsu na zuba masa na nutsar da shi kada rana ta ci katakon. Ni kaɗai ba zan iya ciro shi ba."

Na ce, "Ashe ba ka sayar ba?"

Ya ce, "Za ka zo ko surutu za ka yi?"

Muka je muka ciro shi, muka kwarfe ruwa, da yamma ya shimfiɗa ragarsa kusa da tawa. Washegari muna ja, sai na ji ya yi salati. Tsage ne, ƙato, tsawon hannu, ya naɗe a ragar yana fisge-fisge, ya riga ya yaga ido kusan ashirin. Ragar nan ita kaɗai Ɗanjuma ya mallaka. Na ga ya ɗauki guntun icen da ake buga wa kifi a ka, ya ɗaga. Jiragen da ke kusa duk suka tsaya. Ya daɗe a haka. Sai ya ajiye icen, ya jiƙa hannunsa, ya shiga warware zaren daga haƙoran a hankali. Yana gab da gamawa kifin ya juyo ya kafa masa haƙori a babban yatsa, jini ya tsarto har kan rigarsa. Bai sake shi da sauri ba, sai da ya sunkuya ya sa shi cikin ruwa da hannu biyu, ya riƙe har ya ga ya dawo hayyacinsa.

Ya ce, "Je ka, ɗan banza mara mutunci. Je ka yi aikinka."

Sannan ya juyo ya dube ni, yana tsotsar yatsa, ya ce, "Kai kuma me kake kallo? Miƙo allurar."